Ruwa Cikin Kwando a Kusada

Ladan bai gama kiran assalatu ba muka bar Fagge, ni da ɗan yayata. Ni na goya naɗin takardu a baya, bokiti da burushi a hannu. Shi kansa kawai ya ɗauka. Yana gaba yana tsayawa jirana, don ni gajeren taku gare ni. Masu tambayar ina na shiga makon jiya, ga amsarku. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, kuma na ce a rubuta mini a miƙe.

Sana'ata manna fosta. Ta silima, ta rigakafi, ta sabulu. Da aka sauya hannun tuƙi ni na manna, da aka sauya kuɗi ni na manna. Ban san abin da ke jikinsu ba, amma ban taɓa manna wata a kife ba. In akwai hoton mutum, kansa ne sama. In babu, baƙaƙen boko suna da ƙafafu, kana dubawa za ka ga inda suka taka.

Ɗan yayata ya yi karatun zane a Zariya, ya dawo Kano ya kama aiki a gidan ɗab'i. Da rana yana buga katin biki kamar mutumin kirki. Da yamma shi da abokansa suke nasu. Sun kafa ƙungiya, wai 'Yan Babu Dalili, dukkansu ba su cika tabarma ɗaya ba. Maigidan ya sayi sabon inji ya zubar da tsofaffin baƙaƙen katako, su kuma suka kwashe. Takarda ta yi tsada, sai suke bugawa a takardar buhun siminti, tunda yanzu ko'ina gini ake. Dokarsu ɗaya ce: abin da suka buga kada ya yi wa kowa amfani.

Ya ce mini da rubutu miƙaƙƙe aka kira mutane yaƙi, da shi aka ƙirga gawa, yau kuma kuɗin fetur ya zo mutum yana ɗaura agogo biyu bai san lokacin salla ba. To su rubutunsu ba zai yi wa kowa ƙaryar hankali ba. Rabin farko na gane, don na je yaƙin. Sauran ban gane ba.

Ga fostar. Wani ƙaton baƙi ja, mai kama da tsani, ya kwanta a gicciye. Ƙanana baƙaƙe suna gangarowa daga jikinsa kamar tururuwa ta ga sukari. Wasu ƙafa sama, wasu sun hau juna. Ya yanko na ajami ya cusa a tsakani. A gefe ga wani mutum cikin kwat, kansa na zakara, idonsa agogo, shi ma a kwance. Tawada kuwa ya lafta ta har tana maiƙo. Na juya takardar ta kowane gefe na ce, "Ina sama?"

Ya ce, "Duk inda ka ga dama, Kawu."

Ban ci tuwo ba ran nan.

Abin da ya tayar da tafiya, ya aika wa uwarsa turmin atamfa a Kusada, ya naɗe shi da fostar. Baffansa, ƙanen marigayi ubansa, tsohon malamin gona ne, yana karatu. Ya warware takardar, ya duba, ya ce boko ya hau kan yaron. Ya aiko mini ta bakin wani direba: in kawo shi da wayo, in ce uwarsa ke son ganinsa, an riga an yi magana da mai magani, marin ƙarfe na ɗaure ƙafa yana jira.

Ni ba na wayo. Na faɗa wa yaron yadda aka faɗa mini. Na ce in bai je ba za su zo Kano su ɗauke shi a gaban maigidansa. Ya yi dariya, ya ce mu je da fostocin duka, in sun gani da yawa za su gane. Na ce to.

Bas ɗin Katsina muka hau. Kuɗin mota ya ninka na bara. Kwandasta yana faɗa da naira, tsofaffi suna amsa masa da sule, aka yi ta rigima har Bichi. Kwalta tana da kyau in ban da inda manyan motocin siminti suka farfasa ta. Damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, ido ya huta da jar ƙasa. Wani ɗan kasuwa ya ɗora rediyo sabo fil a cinya, bai kunna ba, yana dai shafa shi. A Tsanyawa muka sha koko da ƙosai ta taga. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma.

Bayan Tsanyawa na ba yaron labarin mai maganin, don na san shi. Da na dawo daga yaƙi, in mota ta yi tari sai in faɗa ƙarƙashin gado ina ihu. Aka kai ni gidansa a bayan Kusada. Damina guda na yi a mari. Mutumin ba mugu ba ne, yana ba da tuwo, amma ƙarfe ƙarfe ne. Gwajinsa ɗaya, da shi yake karɓa, da shi yake sallama. Zai miƙo maka kwando ya ce ka je rijiya ka ɗebo masa ruwa. Mai hankali ya yi dariya, ko ya ƙi. Wanda ya ɗauka ya nufi rijiya, nasa ne. Ni ranar da na warke, a ka na kwaɗa masa kwandon. Ya ce alhamdu lillahi, a kwance shi.

Na ce wa yaron, "In ya ba ka, kada ka karɓa."

Sai na ga idonsa yana ƙyalli. Ya ce, "Ruwa a kwando! Kawu, wannan ai ɗan ƙungiyarmu ne bai sani ba."

Na ce, "Kada ka karɓa."

Ya ce ya ji. Bai ji ba.

Hantsi ya ɗaga muka sauka Kankiya, ranar kasuwa. Na so mu wuce shiru. Shi ya ce ba zai ga bango da jama'a ya wuce ba. Na dama sitaci. Aikina ne, in an ce in manna sai in manna. Akwai wani bango kusa da 'yan hatsi inda hukuma take sa nata, na jera uku a gefensu. Kowace na juya ta daban, tunda an ce in ga dama. Ina yi ina waige-waige, kamar ina sata.

A ƙauye takarda a bango maganar hukuma ce. Nan da nan mutane suka taru. Wani Bafulatani ya jingina da sandarsa ya tambaye ni ko allurar shanu ce. Na ce a'a. Ya ce, "Jangali ya dawo?" Na ce a'a. Ya ce to zakaran fa, kaji ma za a fara ƙirgawa? Aka kirawo wani malamin makaranta ya karanta wa jama'a. Ya karkata wuya dama, ya karkata hagu, ya duƙa ya leƙa ta ƙasa, hularsa ta faɗi cikin bokitina. Ya ce Turancin manya ne, ba a koyar da shi a nan. Wani manomi daga Kunduru ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ciwon da ya kama gyaɗa ne. Haka ganyenta ya murɗe bara. Ashe ya shiga rubutu."

Ɗan yayata kamar an ba shi sarauta. Ya haye buhun dawa ya ce zai karanta musu. Abin da ya fito daga bakinsa ba magana ba ce. Wani wuri kukan zabo, wani wuri inji ya ƙi tashi, sannan ya yi shiru ya daka tsawa. Yara suka watse. Wata mai fura ta rufe ƙwaryarta tana neman tsari. Mai buhun ya ce ya sauko kafin dawarsa ta lalace. Ni kuwa na hango wani mai keke ɗan Kusada ya hau ya taka da ƙarfi. Na san labari ya riga mu.

Sai ga ruwa. Muka fake a rumfar mai furar, bayan na rantse mata ba ya cizo. Furar Kankiya ta yi, da nono mai kauri, ba a tsarge shi da ruwa ba irin na Kano. Da aka ɗauke muka fito. Takardun hukuma sun jiƙe sun zube kamar kunu. Namu uku suna nan daram, ruwa yana gangara a kan tawadar kamar a bayan agwagwa. Na ce, "Takardarka da ƙarfi." Ya ɓata rai. Wai ya so su narke a gaban mutane, da ya fi kyau.

Daga Kankiya babu kwalta. A-kori-kura muka hau, mu da buhunan taki da tumaki biyu. Hanya duk laka. Sau biyu muka sauka turi. Yaron mota yana turawa da baki, mu muna turawa da kafaɗa. Gonaki ko'ina, dawa da gero, garken shanu can nesa, mata Fulani suna komawa ruga da ƙore a ka. Ɗan yayata yana nuna mini sawun tayar mota a laka yana cewa in ga kyan rubutu. Na ce ya yi shiru, ya adana bakinsa.

Da la'asar muka shiga Kusada. Ƙofar gida cike da mutane, kowa ya zo wucewa ne wai. Yayata ta fito, ba ta kalli ɗan ba, ɗan fari ne. Ni ta kalla. Ta ce, "Auta, kun sha hanya. Yaya ɗan nan yake cin abinci?" Na ce, "Yaya, ya fi ni ci." Ta ce to, ta juya ta goge ido da bakin zane.

A zaure Baffa yana zaune da tabarau, fostar a shimfiɗe gabansa, an danne ta da duwatsu kada ta gudu. Kusa da shi mai magani. Ya tsufa, gemu fari fat. Ya dube ni ya ce, "Soja, kana nan?" Na ce ina nan. A bayansa, a lungu, na ga wani buhu. Ba sai an buɗe mini ba. Na san ƙarar mari.

Baffa ya buga yatsa a takardar. "Wanga mi ya ce?"

Yaron ya durƙusa ya gaishe su da ladabi, sannan ya ce, "Bai ce komai ba, Baffa."

"Kai ka rubuta shi?"

"Ni ne. Wannan jan kaɗai sai da na kwana uku ina neman inda zai kwanta."

"Ka kwana uku kana rubuta abin da bai ce komai ba."

"Shi ne wahalar, Baffa. Rubutu yana son ya ce wani abu, sai ka yi ta hana shi."

Baffa ya cire tabarau ya dubi mai magani. Mai magani ya jawo kwando daga bayansa, irin mai manyan ido da ake zuba tumatir. Ya ce, "Ɗana, ƙishirwa nike ji. Tahi rijiya ka ɗebo mani ruwa cikin wanga."

Na yi tari. Na sake yin tari har maƙogwarona ya yi zafi. Yaron ya miƙa hannu biyu ya karɓa kamar kyautar sarki. Ya ce, "Baba, tun da nake ba a taɓa aikena aiken da ya kai wannan daɗi ba." Ya ɗora a ka ya fita.

Daga cikin gida na ji yayata ta saki salati. Mai magani ya ce a jawo buhu.

Na ce, "Dakata. Ruwa ka ce ya kawo. Bai dawo ba tukuna."

Ya yi dariya. "Soja, in ya kawo ruwa cikin kwando, ni a sa mani marin."

Na ce, "An ji." Na bi yaron. Naɗin takardu yana bayana, don tun safe ban sauke ba.

A rijiya na tarar da shi ya karɓi gugan wata mata yana zubawa a kwando, ruwa yana tsiyaya a ƙafarsa, mata sun ja baya sun riƙe baki. Fuskarsa fes. Ya ce zai koma da kwandon yana ɗiga, ya ajiye a gabansu, ya karanta musu abin da ya karanta a Kankiya. Wai abokansa za su shekara suna maganar.

Ban iya doguwar magana ba. Na ɗora ƙafa a bakin rijiya, na cire takalmi, na naɗe wando. Bai taɓa gani ba. Ko a gida ba na zama da gajeren wando. Zoben da mari ya bari yana nan a idon sawu, baƙi, fata ta lotsa, gashi bai sake fitowa ba.

Na ce, "Tsakanin wannan ƙafa da ɗayar, taƙi ɗaya ne na ƙarfe. Tun daga nan ban sake buɗe ƙafa ba. Kullum kana jirana a hanya. Ga dalili."

Ya daɗe yana kallo. Gugan ya sulale daga hannunsa, matar ta cafke igiya tana zaginsa. Ya kalli kwando. Ya kalli bayana. Na ga ya gane, na kuma ga bai so ya gane ba.

Ya ce, "Kawu, in na yi haka na karya doka. Ta yi amfani ke nan."

Na ce, "Su 'yan ƙungiyar taka za su zo su yi maka rabin daminar a mari?"

Ya ce in sauke naɗin.

Ya zaɓi waɗanda tawada ta fi yawa. Ya shimfiɗa ɗaya cikin kwando, ya gicciya wata a kai, ya ƙara wata, yana ninke gefe yana cusawa a bakin kwandon. Hannunsa ya san takarda. Amma ko a nan sai da ya cire ta sama ya sake juya ta, wai jan baƙin bai zauna tsakiya ba. Na ce rana tana faɗuwa. Ya ce in bar shi, in za a yi abin kunya a yi shi da kyau.

Aka zuba guga. Ruwa ya tsaya. Aka ƙara. Ya tsaya, sai ɗan ɗigo ta gefe. Jan tsanin yana kwance a ƙasan ruwa yana rawa, zakara yana leƙowa da agogonsa. Matan da suka gudu suka matso. Wata ta ce, "Kai, ɗan nan, takardar ga ta sayarwa ce?"

Ya rungumo kwando a ƙirji ya taho a hankali. Karo na farko tun da muke tafiya, takunmu ya zo daidai. Rabin gari yana bayanmu.

Ya dire a gaban mai magani. Tsohon ya leƙa. Ya sa yatsa ya taɓa. Ya ɗiba da tafi ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce warin inji yake. Na tuna masa alkawarin da ya yi game da marin. Ya ce tsufa ya sa ba ya ji sosai. Sannan ya dubi Baffa ya ce, "Wanga ba nawa ba ne. Shaƙiyyi ne. Ba ni da maganin shaƙiyanci." Ya sa aka ɗauki buhunsa. Ina jin ƙarar ƙarfen har suka sha kwana.

Baffa bai gamsu ba. Ya mayar da tabarau ya ce har yanzu bai ga abin da takardar ta ce ba. Yayata ta yi magana daga bayan ƙofa, ita da ba ta magana a zaure. Ta ce, "Malam, ba ta ce komai ba, amma ba ta yoyo. Rumbuna yana yoyo." Ta aiko a karɓo mata guda biyar.

Daga nan aka buɗe. Washegari kafin mu karya kumallo mata sun cika tsakar gida. Mai rufin ɗaki yana zuba, mai son rufe daddawa, mai shimfiɗar jariri. Naɗin da na goyo daga Kano ya ƙare, saura ɗaya da na ɓoye a riga. Matar rijiya ta ce in za a sake bugowa a ƙara jan, shi ya fi riƙe ruwa. Ɗan yayata yana zaune a turmi ya haɗa kai da gwiwa kamar an yi masa rasuwa. Dambun da uwarsa ta yi da zogale da ƙuli kuwa, kwano biyu ya ci cikin baƙin cikin.

Da muka biyo ta Kankiya na duba bangon. Biyu suna nan. Ta ukun wani mai tsire ya ɓamɓare ya yi inuwa da ita. Na nuna wa yaron. Ya juya kai.

A mota, da muka kai Bichi, ya juyo gare ni. Ya ce in abokansa suka ji, korarsa za su yi. Ya ce kada in faɗa wa kowa. Na ce ban yi alkawari ba. Ga shi kuwa na faɗa.

Abin da na koyo a tafiyar kaɗan ne. Furar Kankiya ta fi ta Kano. A-kori-kura ba motar damina ba ce. Kuma abin da ka yi da hannu mai kyau, ko ka rantse ba shi da amfani, mutanen ƙauye za su samo masa. Guda ɗayar da na ɓoye na manna ta a tagar ɗakina inda feshi ke shigowa. Har yau ban san samanta ba. Na daina nema.

Da magariba muka sauka Fagge. Ya karɓi bokitin daga hannuna ba tare da na ce ba, ya yi gaba cikin fushi, ya manta bai jira ni ba. Ban kira shi ba. Na tsaya bakin tasha ina kallon ƙafafunsa. Taku mai faɗi, babu ƙara.